Yadda Ake Haɗa Samfurin Katako da Gam Ya Ga Hunturu da Damina Bai Saki Ba

Na taɓa haɗa wata 'yar gada ta katako a watan Agusta, ruwa na zuba kusan kullum. Tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba. Da sufa gulu na haɗa ta saboda ina sauri, washegari na ɗora mata bulo, ko gezau ba ta yi ba. Na ajiye ta a kan kabad ina jin daɗi. Da Janairu ta shigo, iskar hunturu na tsaga leɓe, wata safiya na ɗauko ta zan kakkaɓe ƙura, sai sanduna uku na gefe suka rabu da jikinta a hannuna. Babu wanda ya taɓa ta, babu abin da ya faɗo mata. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin mako biyu na yi ina yanka ina gogewa.

Tun daga ranar na gane cewa ƙarfin da mahaɗi ya nuna washegarin haɗa shi ba ya faɗa maka yadda zai kasance baɗi war haka. Wannan bayani na ɗalibin zanen gine-gine ne da zai miƙa samfurin gida yana kuma so ya ajiye abinsa bayan jarrabawa, da malamin fasaha da ke sa yara haɗa gada da tsinke, da mai yin ƙananan masallatai da kwale-kwalen ado yana sayarwa, wanda ba ya son mai saye ya dawo masa da kaya a leda.

Abin da ke cin mahaɗi a hankali

Itace ko an sare shi an yanka an busar, bai daina shan ruwa ba. Yana zuƙar laima daga iska ya kumbura, yana fitar da ita ya tsuke. Idan laimar iska ta kai kashi 80 cikin 100, katako yakan zauna da ruwa kusan kashi 16 cikin 100 na nauyinsa. Idan ta sauka zuwa kashi 20, ruwan jikinsa yakan koma kashi 4 zuwa 5. Mutumin Kano ko Zariya yana ganin kusan waɗannan iyakoki biyu a shekara guda, ɗaya a Agusta, ɗaya a tsakiyar hunturu. Ka tuna ƙofar da ke cijewa da damina har sai an sa kafaɗa, da rani kuma ta bar kafa har iska na shiga.

Matsalar ita ce katako ba ya motsi daidai ta kowane ɓangare. A tsawonsa, wato bin jijiya, kusan ba ya canjawa. A faɗinsa kuwa, allo mai santimita 10 zai iya tsukewa da milimita 2 ko fiye tsakanin damina da hunturu. To ka manna sanda biyu a gicciye, jijiyar ɗaya ta tafi gabas, ta ɗayar ta tafi kudu. Ɗaya na son tsukewa, ɗaya ta ƙi motsi, gam ɗin da ke tsakaninsu shi ke shan ja. Sau biyu a shekara ake yi masa haka, ja da turi, kamar mai lanƙwasa waya yana miƙe ta. Gam mai ɗan laushi yakan bi, mai tauri kamar gilashi yakan tsage. Abin da ya kashe gadata ke nan.

Na biyu shi ne zafi idan ya haɗu da nauyin da ba a saukewa. Akwai gam ɗin da zai ɗauki kilo goma na minti ɗaya, amma ka bar masa kilo uku wata shida a ɗaki mai zafi, sai ya riƙa silalewa kaɗan-kaɗan, ido ba ya gani, har ranar da rufin samfurin zai lotsa. A Afrilu zafi na kai digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin rufin kwano kuwa ya wuce nan.

Shi kansa katakon ma yana gajiya. Cibiyar binciken kayan itace da ke Madison a Amurka, wadda aka kafa a 1910, ta daɗe da nuna cewa katakon da aka bar wa nauyi shekaru masu yawa kusan kashi 60 cikin 100 kawai yake iya riƙewa na abin da zai ɗauka a gwajin 'yan mintoci. Saboda haka idan gadarka ta ɗauki bulo yau, kada ka mai da bulon mazaunin dindindin a kanta.

Mataki na farko: bar katakon ya huta

Kada ka sayo katako daga kasuwa da safe ka manna shi da yamma. Ka yanka shi kusa da girman da kake so, ka jera shi a ɗakin da za ka yi aiki, da 'yan tsinkaye tsakani don iska ta ratsa. Siraran sanduna kwana uku zuwa biyar ya ishe su, allo mai kauri kuwa ka ba shi mako biyu. Wanda ya karkace a wannan hutun ka ware shi, ya nuna halinsa tun da wuri.

Obeche da afara suna da sauƙin yanka, suna kuma karɓar gam. Balsa, wanda mafi yawansa daga ƙasar Ekwado ake kawo shi, ya fi su rashin nauyi amma yana da tsada kuma farce ma na iya lotsa shi. Iroko yana da maiƙo a jiki, sai ka goge wurin mahaɗin da tina ka bari ya bushe kafin gam ya taɓa shi. Idan da kara ko gora ko tukurwa kake aiki, kamar yadda muka taso muna yin motar kara, ka kankare ɓawon nan mai sheƙi a daidai inda za ka manna. Gam ba ya kama wannan santsin, zama kawai yake yi a kai.

Idan lokaci a hannunka yake, ka yi aikin da kaka, wajen ƙarshen Oktoba, lokacin da ruwa ya ɗauke hunturu bai kankama ba. Katakon na tsaka-tsaki, don haka duk inda ya motsa daga baya rabin tafiya ce. Ɗalibi ba shi ke zaɓen ranar miƙa aiki ba, na sani. In dole ta sa ka yi a Agusta ko Janairu, sai ka ƙara kula da mataki na uku.

Mataki na biyu: zaɓi gam gwargwadon shekarun da kake so aikin ya yi

Farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, shi ne abokin aikina a kashi tara cikin goma na mahaɗai. Sinadarinsa tsoho ne, wani Bajamushe mai suna Fritz Klatte ya samar da shi a 1912. Yana shiga ƙofofin katako, ruwansa ya bushe, ya bar wata fata mai ɗan laushi da ke bin motsin itace ba ta tsage ba. Idan gefe da gefe ka haɗa, kuma sun zauna daidai, katakon ne zai tsage kafin mahaɗin ya saki. Rauninsa biyu ne. Yana fara laushi tun daga zafin digiri 30 da wani abu zuwa 40 da wani abu, don haka shi ne babban mai silalewa a ƙarƙashin nauyi da bazara. Kuma ruwa na jiƙa shi. Wasu robobin suna ɗauke da alamar D2 ko D3 ko D4, wato ma'aunin Turai na jure danshi. D2 ya isa ga abin da zai zauna a busasshen ɗaki, D3 ya fi dacewa da ɗakin da bangonsa ke yin laima da damina. Kafin ka saya ka buɗe ka duba. Idan ya yi gudaji, ko yana jan zare kamar kuɓewa, ko ruwa ya taso sama ya ƙi komawa bayan ka juya, ya tsufa. Tsohon gam zai manne maka yau, ya ci amanarka daga baya.

Sufa gulu wani Ba'amurke ne, Harry Coover, ya ci karo da sinadarinsa a 1942, aka fara sayar da shi a 1958. Laimar da ke jikin abu ce ke sa shi daskarewa, shi ya sa da damina yake kamawa nan take, da hunturu kuma ya ɗan ja lokaci. Idan ya bushe tauri gare shi kamar gilashi. Yana jure ja kai-tsaye, amma ba ya jure bugu, ba ya jure murɗa, ba ya kuma bin katako idan ya motsa. Mai ruwa-ruwan kuwa katako na shanye shi ya bar mahaɗin da ƙishi. Har yanzu ina amfani da shi, amma a matsayin ɗan riƙo: in shafa farin gam a mahaɗi, in bar wani ɗan lungu in ɗiga sufa gulu, ya riƙe mini sandar har farin ya bushe ya karɓi aikin. Ka kiyaye idonka da shi, kada kuma ka goge shi da auduga, domin haɗuwarsu na haifar da zafin da ke ƙona fata.

Gam mai haɗi biyu, wanda ake matso tubu biyu a gauraya, irin Araldite da kamfanin Ciba na Suwizalan ya fitar a 1946, shi ne na wuraren da nauyi ya taru, da inda katako zai haɗu da ƙarfe ko waya. Yana cike giɓi, ruwa ba ya damunsa, kuma ba ya silalewa kamar farin gam. Iri biyu za ka gani, mai kamawa cikin minti biyar da mai ɗaukar sa'o'i. Mai jinkirin ya fi shiga katako, ya fi ƙarko. Ka auna su daidai yadda aka rubuta a kwali, ka juya har launi ya zama ɗaya. Wanda ya ƙara ruwan tauri, wato na tubun da ke sa haɗin ya daskare, da nufin ya yi sauri, zai samu abin da ya tsaya yana danƙo har abada. Aibinsa nauyi da tsada, kuma rana na mai da shi rawaya.

Akwai wani da nake girmamawa ko da yake samunsa a kasuwanninmu sai an sha wuya, wato gam ɗin da ake dafawa daga fatar dabba. Da irinsa Misirawan dā suka manna kayan katako, har da waɗanda aka tarar a kabarin Tutankhamun da aka buɗe a 1922. Da shi Antonio Stradivari, wanda ya rasu a 1737, ya haɗa gogensa a garin Kremona na Italiya, kuma har yau ana kaɗa su. Sirrinsa shi ne ba ya silalewa a ƙarƙashin nauyi, kuma idan mahaɗi ya saki, ɗumi da ɗan ruwa sun isa a buɗe a sake mannawa ba a ɓata katakon ba. Ana jiƙa shi ya kumbura, a ɗumama shi a cikin kwano da ke zaune a ruwan zafi har wajen digiri 60, ba a bari ya tafasa. Jalatin na girki, wato garin da ke sa ruwa ya daskare kamar jeli, shi ma na yin wannan aiki a ƙananan mahaɗai, sai dai ka duba kwalin ka tabbatar na saniya ne ko na kifi. Amma a ɗaki mai laima yana laushi, yana kuma yin hunhuna.

Uku kuwa ka bar su a inda suka dace. Gam ɗin kyandir da ake narkarwa da 'yar bindiga zama yake a saman katako, zafin cikin mota da rana ya isa ya sassauta shi. Na masu gyaran takalmi na roba da fata ne, a kan katako yana ja kamar cingam, bayan shekaru kuma ya bushe ya farfashe. Ƙaro na takarda da tawada ne.

Mataki na uku: siffar mahaɗin

A nan gizo ke saƙa. Ka ɗauki katako kamar ɗaurin tsintsiya, siraran bututu ne a jere. Gefensa yana ba gam wurin kamawa. Bakin yanka kuwa, inda zarto ya datse bututun, ramuka ne zalla, suna zuƙe gam su bar wurin a bushe. Mafi yawan samfuran da na ga sun wargaje, baki ne aka kafa a jikin gefe aka ɗiga gam aka ce an gama. Ko wane irin gam ka sa a irin wannan mahaɗi, kwanansa ƙidayayye ne.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗora gefe kan gefe. Idan za ka ƙara tsawon sanda, ka bar su su hau juna da tsawon da ya ninka kaurin sandar sau uku ko huɗu aƙalla. Idan gicciye za su yi, ka fafe rabin kaurin kowacce da wuƙa mai kaifi su shiga juna, ta yadda ko babu gam suna riƙe da kansu. Wannan shi ne maganin silalewa na gaskiya, domin nauyin ya koma kan katako, gam ɗin tsare wuri kawai yake yi.

Inda sanduna uku ko huɗu suka haɗu, kamar kusurwar gada ko ƙashin rufi, ka yanka 'yar faci mai kusurwa uku daga siririn filawud ko kwali mai tauri, ka manna ta a kan mahaɗin ta ɓangarori biyu. Faci ɗaya mai girman farcen babban yatsa yana ninka wurin da gam ya kama sau da yawa. Idan ba ka son a gan ta, ka huda ƙaramin rami ya ratsa sassan biyu, ka shafa gam a tsinken sakace ko tsinken tsire ka cusa, in ya bushe ka yanke abin da ya fito ka goge. A kan gora da kara, zaren ɗinki da aka naɗa sau goma aka jiƙa da farin gam ya fi komai riƙo.

Idan babu makawa sai ka manna bakin yanka, ka fara shayar da shi. Ka sirka farin gam da ruwa daidai wa daida, ka shafa a bakin, ka ba shi kamar minti goma ya toshe ramukan, sannan ka sa gam mai kauri ka haɗa.

Ga faffaɗan allo kuma, kamar bango ko daɓen samfuri, kada ka manne shi tun daga wannan gefe har wancan a kan sandar da ta gicciye jijiyarsa. In hunturu ya zo zai nemi tsukewa, ya rasa hanya, ya tsage a tsakiya ko ya banƙare. Ka sa gam a tsakiya kawai, gefunan ka riƙe su da siririyar ƙusa su samu wurin numfashi. Ko kuma ka yi gindin da filawud, wanda aka jera ɓawonsa a gicciye tun daga masana'anta don kada ya motsa sosai.

Kuma sassan su zauna daidai tun kafin gam ya zo. A yaƙin duniya na biyu Ingila ta ƙera jirgin yaƙi na katako mai suna Mosquito. A ƙarshen 1944 wasu daga cikinsu suka faɗi a yankin Indiya, da farko aka ɗora laifin kan gam da zafi da damina, amma binciken da ya biyo baya ya gano cewa wasu mahaɗan fukafukin ne ba a haɗa su daidai ba tun wajen ƙira. Farin gam ba ya cike giɓi. Idan ka ɗaga mahaɗi ka hango haske ta tsakaninsa, koma ka gyara yankan.

Mataki na huɗu: shafawa da matsewa

Ka goge fuskokin biyu da samfefa mai lamba 120 zuwa 180 a ranar da za ka manna, ba jiya ba. Ka share garin da busasshen burushi. Da hunturu ƙura na sauka cikin minti kaɗan, don haka ka rufe taga, kuma kada ka riƙa shafa wurin da yatsa, musamman in ka shafa mai a hannu. Kada fenti ko banish ya shiga ƙarƙashin gam. Idan ka riga ka yi fenti, kankare daidai wurin.

Ka gwada haɗa komai a bushe tukuna, ka tanadi abin matsewa kusa da hannu. Sannan ka shafa gam siriri da tsinke a fuskokin biyu, iya yadda za su yi sheƙi. A busasshiyar iska farin gam na yin fata cikin 'yan mintoci, in ya yi fata kuwa ya daina shiga katako, don haka mahaɗi ɗaya-ɗaya za ka bi. Fegin shanya, robar ɗaure kuɗi, kilif ɗin takarda, allurai da aka kafa a kan allo, duk suna matsewa. Ka shimfiɗa leda a ƙasa don kada aikin ya manne da tebur. Alamar matsi ya yi daidai ita ce 'yan ɗigo ƙanana su fito a bakin mahaɗin. In babu ko ɗaya, gam ya yi kaɗan. In yana kwarara, ya yi yawa. Balsa kuwa a hankali, fegi mai ƙarfi na murƙushe shi.

Abin da ya fito kada ka bi shi da jiƙaƙƙen tsumma, ruwa zai shiga mahaɗin ya sirka gam ɗin. Ka jira kamar minti ashirin ya yi tauri-tauri, ka ɗebe shi da reza.

Mataki na biyar: jira

Farin gam na son matsi na minti 30 zuwa awa ɗaya, da awa 24 kafin a ɗora masa wani nauyi. Da damina ni kwana biyu nake ba shi. Kada ka kai shi rana don ya yi sauri, sama zai bushe ciki na ɗanye, katakon kuma ya karkace. Ruwan gam na ɗan kumbura katakon da ke kusa da mahaɗi, don haka gogewar ƙarshe ka bar ta sai bayan kwana uku, in ba haka ba wurin zai lotsa idan ya sace.

Mataki na shida: gwaji da hannunka

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi koya mini aiki. A ranar da kake haɗa samfurin, ka ɗebi ragowar katakon ka yi 'yan gwaji goma sha biyar: sanda biyu-biyu, a ɗora gefe kan gefe da tsawon santimita 2, da gam ɗin da ka yi aiki da shi. Ka rubuta kwanan wata da sunan gam a jikin kowanne da fensir. In kana kwatanta gam iri biyu, kowanne ka yi masa nasa goma sha biyar, girma ɗaya, katako ɗaya.

Ka huda rami a ƙarshen kowace sanda, ka rataya sama a ƙusa mai ƙarfi, ka ɗaura bokiti a ƙasa, kusa da daɓe don kada ya faɗo maka a ƙafa. Ledar ruwa ta santilita 50 rabin kilo ce, sai ka riƙa sakawa ɗaya bayan ɗaya kana ƙirgawa. In mahaɗin ya fi ƙarfin ledoji, ka zuba yashi ka auna bokitin a sikeli daga baya. Uku ka karya bayan awa 24, uku bayan mako ɗaya, uku a ƙarshen hunturu, uku a ƙarshen damina. Dalilin uku-uku shi ne ɗaya na iya zuwa da aibin katako ya ruɗe ka.

Ukun da suka rage su ne na silalewa. Ka ja layi siriri da fensir ya ratsa mahaɗin daga wannan sanda zuwa waccan, ka rataya musu kashi ɗaya cikin uku na nauyin da ya karya 'yan'uwansu, ka bar su a ɗakin da samfurin zai zauna. Duk Juma'a ka leƙa. Idan layin ya rabu biyu, ɗaya ya sauka ƙasa da ɗaya ko da kaurin gashi ne, gam ɗin na tafiya. A Maris da Afrilu za ka fi ganin haka. In ka gani, ka san duk mahaɗin da ke ɗauke da nauyi a samfurinka yana buƙatar tsinke ko faci.

Bayan lambar kilo, ka karanta fuskar karayar, ita ta fi faɗar gaskiya. Idan ka ga zaren katako ya yage ya manne a ɗaya ɓangaren, mahaɗin ya yi, katakon ne ya gaza. Idan gam na fuskokin biyu yana sheƙi ya rabu a tsakiyarsa, ya yi kauri da yawa ko bai gama bushewa ba. Idan fuska ɗaya ta fito tas kamar ba a taɓa shafa mata komai ba, ƙura ce ko maiƙo, ko gam ya yi fata kafin ka haɗa. Idan kuma duka biyun a bushe suke babu alamar gam, katako ya shanye ko matsi ya kore shi.

Wanda ba zai iya jiran shekara ba, ga gajeriyar hanya. Ka sa jiƙaƙƙen tsumma a gindin bokiti mai murfi, ka ɗora 'yan gwajin a kan wani abu yadda ba za su taɓa ruwa ba, ka rufe kwana biyu. Ka fito da su ka ajiye a wuri mai zafi da bushewa kwana biyu. Ka maimaita sau biyar, sannan ka karya. Wannan ba zai gaya maka shekara nawa aikin zai yi ba, amma zai raba maka gam mai bin katako da mai tsagewa cikin mako uku.

Mataki na bakwai: rufewa da ajiya

Banish ko fenti ba ya hana laima shiga, yana rage mata sauri ne, kuma wannan ragin yana sauƙaƙa wa mahaɗi ja. Sharaɗin shi ne ka shafa ko'ina, ciki da waje, sama da ƙasa, musamman bakin yanka. Wanda ya shafa fuska ɗaya ya bar baya, allonsa zai banƙare. Shafi biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri.

Wurin ajiya kuwa, ka nisanci taga mai rana, da saman kabad da ke dab da rufin kwano, da bangon da ke jiƙewa, da ƙasa inda gara ke yawo. Kada ka bar shi a but ɗin mota da rana ko na awa biyu ne. Akwatin gilashi ko na roba mai haske yana tare ƙura yana kuma sassauta sauyin iska. In za ka ɗauka, ka tallafo gindin da hannu biyu, ba rufin ba.

Idan ya riga ya saki

Kada ka ɗiga sabon gam a kan tsoho, farin gam katako yake nema, ba busasshen ɗan'uwansa ba. Ka buɗe mahaɗin gaba ɗaya. Ruwan ɗumi da ɗan ruwan khal na tausasa farin gam, ruwan goge jan farce mai asitom na narkar da sufa gulu, mai haɗi biyu kuwa sai kankara da reza. Ka bari wurin ya bushe kwana ɗaya, ka goge har sabon katako ya bayyana. In kankarar ta bar giɓi, ka cusa siririn ɓawon katako, ko ka koma ga gam mai haɗi biyu. Sannan ka bi sauran mahaɗan ɗaya bayan ɗaya kana ɗan murɗa su da yatsa biyu. Duk wanda ya yi ƙara ko ya motsa, shi ma yana hanya.

Gadata haka na yi mata. Na kankare sufa gulun daga kowace kusurwa, na sake mannawa da farin gam, na sa faci na siririn filawud ciki da waje, na ratsa manyan mahaɗai huɗu na ƙasa da tsinken tsire. Na sauko da ita daga saman kabad zuwa kanta ta tsakiya, nesa da taga. Duk ƙarshen Fabrairu da ƙarshen Satumba nakan ɗauko ta in bi kusurwoyin da yatsa, in duba layin fensirin da na ja a mahaɗin tsakiya, in mayar da ita wurinta.